Igogina Shida Cikin Dusar Ƙanƙara

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Asabar cikin bazara, igogina shida suka tsaya cik a tsakiyar fili suka ƙi motsi. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a gefen littafina, kamar yadda nake rubuta komai. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, a gidanmu na Bodinga, zufa na bin bayana, tsohuwar kwamfutar Yaya a kan 'yar kujera a gabana. A cikin fuskarta kuwa duniya ta yi fari fat.

Wasan yaƙi ne na kwamfuta, amma ba irin wanda ake danne-danne da sauri ba. Taswira ce shimfiɗe, da tuddai da dazuzzuka da hanyoyi. Kowane ɓangare zai zauna ya yi tunani, ya ba sojojinsa umarni, ya tura. Sai kwamfuta ta haɗa umarnin ɓangarorin biyu ta nuna abin da ya faru. Zagaye ɗaya ke nan. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun zuba masa komai na gaskiya, har gajiyar soja da nauyin ƙarfe da inda iska ta dosa. Wannan shi ne abin da ya ja ni. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji ko da na san amsa, sai ga wani wuri inda mai haƙurin lissafi shi ne mai ƙarfi.

Mu uku ne a ɓangarenmu. Yaya, babban wana, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Shagari, shi ne shugaba kuma shi ke riƙe da sojojin ƙafa. Abokinsa tun na ƙuruciya, mai gyaran waya a bakin tasha, shi ke riƙe da tankokin yaƙi, har muka koma kiransa Mai Tanka. Ni kuma igogi. Da can Mai Tanka ne ke riƙe da tankoki da igogi gaba ɗaya. Shekara guda na yi ina leƙe ta bayan kafaɗar Yaya ban ce uffan ba, sai wata rana na miƙa masa takarda da na jera inda harsasan igwarsu ke faɗuwa da inda ya kamata su faɗi. Ya karanta sau biyu, ya dube ni, washegari ya ba ni igogin. Mai Tanka bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. A zauren hirarmu na waya, inda su biyun ke ta aika wa juna saƙon murya da tsiya, ni lambobi kawai nake turawa. Wata takwas, bai taɓa jin muryata a can ba.

Abokan karawarmu wasu mutum uku ne daga wata ƙasa mai sanyi can arewacin duniya, ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Wasa uku aka shirya, Asabar uku a jere, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Na farko a busasshiyar ƙasa aka yi, igogina suka yi musu kaca-kaca, har Yaya ya tashi ya yi rawa a tsakar gida Inna na yi masa faɗa. Na biyu kuwa, taswirar ta zo da rubutu a samanta cewa dusar ƙanƙara mai zurfi ta rufe ƙasa.

Murna na yi da na ga haka, wallahi. Na san ƙanƙara, ko in ce na ɗauka na san ta. Ƙanƙara ita ce wadda ake kawowa daga Sakkwato da azumi, a naɗe cikin buhu, sai an sa taɓarya kafin ta fashe. Ita ce kuma wadda ta taɓa saukowa da ruwan farko ta riƙa dukan kwanon ɗakinmu kamar ana jifa da tsakuwa. Abu mai tauri, mai santsi. Sai na zauna na yi shirina a tsanake: ƙasa za ta yi tauri kamar siminti, motocin da ke jan igogina za su yi gudu fiye da kullum, harsashi kuma in ya daki wuri mai tauri zai tarwatse ya watsu da kyau. Na bar babbar hanya, na yanka da su ta tsakiyar fili don in riga kowa hawa tudu. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin shirin don jin daɗi.

A zagaye na biyu motocin suka nutse har ciki. Zagaye uku suka yi suna gurnani wuri ɗaya. Na ce to, a harba daga nan. Harsasan suka faɗi can baya da inda na auna, biyu saura kaɗan su sauka a kan sojojin Yaya. Waɗanda suka isa kuwa, sai dai ka ga ɗan farin hayaƙi ya tashi, bus, shi ke nan, abokan gaba na tafiyarsu kamar an watsa musu gari. Igwa guda ma ta ƙi komawa mazauninta bayan harbi na uku. Kafin a kira magariba an cinye mu.

Saƙon Mai Tanka bai ɓata lokaci ba. Yaya ya kunna shi a gabana, ina jin ya manta ina wurin.

"Malam, na hwaɗa maka ko ban hwaɗa maka ba? Igwa ba alƙalami ba ce. Hajiya Lissahi ta lissafa mu har cikin rami! Ka maido min kayana tun muna shaida juna."

Yaya ya yi dariya, sai ya ga fuskata ya haɗiye sauran.

"Yaya, wa zai riƙe igogi?" na tambaya, murya can ƙasa.

"Asabar mai zuwa ke ce, don ba a canza mutum ana tsakar gasa. Bayan nan kuma..." Ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya na hana shi. Ba ni iya hana shi sau biyu. Ki bari mu gani."

Na gane. Asabar ɗaya ta rage min.

Lahadi da Litinin na yi su ina karatu a waya, ina kwafa cikin littafi. Ashe dusar ƙanƙara ba ƙanƙarar azumi ba ce. Ashe albarushi in ya yi sanyi ba ya tunkuɗa harsashi da ƙarfinsa na kullum, iska mai sanyi kuma ta fi kauri, shi ya sa harbina ya gaza. Ashe akwai mai a cikin igwa wanda ke tare ta in ta zabura baya, kuma yana daskarewa. Wannan kam nan take na gane shi, don na sha ganin man shanun Inna da safiyar sanyi, sai an kai shi bakin murhu kafin ya yarda ya zubo. Kowane abu na gano sai in ji zuciyata ta yi tsalle. Amma babban abin ya ƙi shiga kaina. Ta yaya abu zai zama ƙanƙara kuma ya haɗiye mota? Ta yaya ake tafiya da kaya mai nauyi a cikinsa? Rubutun na faɗa min, jikina bai yarda ba. Ga shi taswirar wasa na uku ta iso: za a fara da ƙasa a daskare ba komai a kanta, daga zagaye na uku dusar za ta fara sauka, ba kuma za ta tsaya ba.

Ranar Talata ba mu da darasi, sai Inna ta aike ni Horo Birni in kai wa matar Kawu magani da 'yan kayan miya. Ban so tafiyar ba, ina ganin za ta cinye min yini. Na shiga 'yar bas zuwa Shagari, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Kawu ƙanin Inna ne, manomi, yana da shanun aiki biyu da amalanke. Na iske shi ya gama loda taki zai kai gonarsa ta ƙetaren rafi.

"Ɗiyar birni! Hau mu tahi, ki ga inda tuwonku ka hitowa."

Na hau gaba kusa da shi, na toshe hanci da gefen hijabi, yana ta yi min dariya. Muna tafe na ciro waya ina sake duban hoton motocina da suka nutse. Ya leƙo.

"Mi kika kallo haka awa wadda anka yi wa mutuwa?"

Da wani ne da na ce ba komai. Amma Kawu bai taɓa yi min dariyar da ke ciwo ba. Na faɗa masa duka, tun daga igogi har Mai Tanka. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa.

"Wanga farin abu, ƙahwa na nutsewa ciki?"

"An ce har cinya, Kawu."

"Har cinya! Kuma kika ɗauki kaya mai nauyi kika bar hanya kika yanki daji?" Ya miƙo min wayar yana girgiza kai. "Ke da anka ce kin hi kowa karatu. To riƙe da kyau, ga naki farin abu nan gaba."

Rafin a bushe yake, yashi ne fari tas shimfiɗe, mai zurfi. Gonar na can daidai gabanmu, ana hango ta. Amma Kawu bai miƙe ba. Ya karkata da shanun ya bi gaɓa, muka yi tafiya mai ɗan nisa har muka iso wurin da tifar masu ɗibar yashi ke ƙetarewa. Tayoyinta sun danne yashin sun bar sawu biyu masu tauri. Ya daidaita ƙafafun amalanken a kansu, ya yi wa shanun tsawa, muka wuce sumul.

"Ni ba ni fara hanya cikin yashi," ya ce. "Wanda ya hi ni ƙarhi shi ka farawa, ni in bi sawunai. Ran da nika gaggawa na yanke, sai da munka sauke taki rabi munka shimhiɗa kara, rana ta hwaɗi muna nan."

Na ciro littafina, amalanke na girgiza, rubutun na karkacewa.

"Kawu, me ya sa kake kai taki yanzu cikin wannan zafi? Ai ruwa da saura."

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin abinci.

"In ruwa ya sauka wa ka kai shi? Hanyag ga duk taɓo za ta koma. Ran da anka yi ruwan hwari, inda taki ya kwana nan zai zauna har kaka. Tun ƙasa na da tauri aka kai kaya inda aka son su."

Nan take na tuna da taswirar wasa na uku. Zagaye biyu! Zagaye biyu nake da su kafin dusar ta sauka. Ni kuwa al'adata in ajiye igogi a baya, in riƙa matsar da su kaɗan-kaɗan yadda yaƙi ke tafiya. Wannan karon babu kaɗan-kaɗan. Inda suka kwana nan za su zauna.

Da muka dawo gida na tsaya a bayan danga, inda aka tara ƙaiƙayin gero don dabbobi. Na ɗauki hogen busasshiyar ƙasa na maka a wuri mai tauri, ya tarwatse, ɓarɓashinsa har ƙafar Kawu. Na ɗauki wani na jefa cikin tarin ƙaiƙayin. Bus. Ya shige, ko ƙara babu. Daidai abin da na gani a kwamfuta! Na sake, na sake, ina dariya ni kaɗai, matar Kawu na leƙowa tana tambayar ko lafiya.

"Haɗiye shi yake yi, Kawu! Kafin ya fashe ya riga ya nutse!"

"To ki hwasa shi tun bai kai ba mana." Ya ɗauki hoge biyu, ɗaya a kowane hannu, ya gwara su a sama da tarin. Ƙasa ta watsu ko'ina, har cikin idona.

Wasa yake yi, amma ni na daskare a tsaye. Akwai irin wannan a wasan. Ana iya saita harsashi ya fashe a sama kafin ya taɓa ƙasa. Ba wanda ke amfani da shi a cikinmu, don sai ka lissafa daidai tsawon lokacin da zai yi a iska, in ka kuskure ya fashe a banza. Lissafi kuwa, ai gidana aka zo.

Laraba da Alhamis ban fita ko ƙofar gida ba in ba makaranta ba. Na sake jadawalin harbina gaba ɗaya, na ƙara wa kowane nisa abin da sanyi zai ci, na rage yawan harbi a jere don man igwa ya samu ya saki. Na zaɓi tudun da zan kai su. Sai na auna hanyar, na sake aunawa. Zagaye biyu ba za su isa ba. Sai huɗu. Rabin tafiyar a cikin dusa za a yi ta, kuma motocina ba za su iya fara hanya ba. Abu ɗaya ne a rundunarmu ke da ƙarfin tifa.

Na kai wa Yaya shirin ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci. Ya karanta, idonsa na ƙara buɗewa.

"Wannan ya yi! Amma tankoki ba nawa ba ne. Kina son ya bar gaba, inda ake suna, ya zo ya yi miki sharar hanya zagaye huɗu? Mutumin da in kin faɗi shi zai ci gado?" Ya miƙo min littafin. "Ni ba ni faɗa mishi. Ki faɗa mishi da bakinki."

Sau bakwai na ɗauki saƙon murya zuwa ga Mai Tanka ina gogewa. A na takwas na rufe ido na yi sallama, na gaishe shi da aiki, na ce, "Malam, alfarma nake nema." Na faɗa masa zancen tifa da yashi da takin Kawu. Na tura kafin in sake tunani. Alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Har aka yi la'asar, har gari ya waye, shiru.

Asabar ƙarfe uku muka fara. Na tura umarnina ban san ko akwai wanda zai shige min gaba ba. Kwamfuta ta ɗan yi tunaninta, taswira ta motsa. Sai ga tankoki huɗu sun baro gefen dama, sun karyo, sun jeru a gaban motocina kamar shanun Kawu.

Na yi ihu. Ni! Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati.

Zagaye na uku dusar ta fara sauka, fuskar kwamfuta ta yi fari. Tankokin suka danna ciki, suka bar sawu biyu, motocina suka bi. Ɗaya ta zame daga sawun a wata kwana ta nutse, na bar ta nan da igwarta, ban ko waiwaya ba. Biyar suka hau tudu a zagaye na huɗu. A lokacin sojojin Yaya na shan wuya a gaba su kaɗai, yana ta aiko saƙo, "Ina kuke ne, jama'a? Ana cin ƙaniyata a nan!"

Abokan gaba sun fito fili hankali kwance. Sun san ƙasarsu, sun san dusa za ta haɗiye musu harsashi kamar makon jiya. Na duba jadawalina sau biyu, na sa yatsa a kan layin, na tura. Harbin farko ya fashe da wuri, can sama, bai taɓa kowa ba. Na ƙara masa lokaci kaɗan. Na biyu ya buɗe daidai bisa kawunansu, baƙin hayaƙi biyar a jere a kan farin fili, layinsu ya watse. Daga ɗakinsa na ji Yaya na buga ƙofa da tafin hannu yana kabbara. Suka ja da baya cikin daji, suka sake fitowa ta hagu, na riga na auna wurin tun ranar Alhamis. Ba mu ci da sauƙi ba, Mai Tanka ya rasa tankoki biyu wajen tare mana gefe, Yaya ya ƙare da 'yan tsirarun sojoji. Amma da zagayen ƙarshe ya rufe, tutarmu ce a kan garin da ake gwabzawa dominsa. Mutanen can suka aiko da gajeren saƙo na taya murna, suka tambaya wane ne mai igogi.

Ba wanda ya ba su amsa. Ni ma ita nake jira. Yaya ya shigo yana haki kamar shi ya yi gudun, ya ɗaga littafina sama yana juyi da shi. Na bari ya gama.

"Yaya, gasa ta gaba wa zai riƙe su?"

"Ni kika tambaya? Kin san mai amsar."

Wannan karon sau ɗaya na ɗauki saƙon na tura wa Mai Tanka. Na ce, "Malam, sannu da aiki, na gode da hanya. Gasa ta gaba wa zai riƙe igogi?" Alama ta nuna ya saurara. Aka yi magariba shiru. Lahadi da hantsi ina wanke-wanke a bakin rijiya wayar ta yi ƙara. Na goge hannu a zane na kunna. Ana jin hayaniyar tasha a bayansa da ƙarar kabu-kabu.

"Hajiya Lissahi, ke da wa kika takara? Riƙe kayanki. Ni dai ki riƙa hwaɗa min da wuri inda zan share miki hanya. Kuma in kin koma Horo Birni ki gaida min Kawu, ki tambaye shi mi aka yi wa tanka in ta shiga taɓo."